Faifan Wasiyyar Bubayero

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Lahadi, Insfekta Awwalu Indabawa ya buɗe kwanon ɗumamensa ke nan, sai ya ji hayaniya ta cika kantar caji ofis. Bai ko tambaya ba, ya san tasa ce. Shekara shida yana aiki a Enugu, kuma tun ranar da aka gane Bakano ne, duk rigimar da ta shigo caji ofis da hula a kai, ko da akuya ce ta ci tattasan wani a kasuwar Ogbete, teburinsa ake turo wa.

Mutum kusan ashirin ne suka shigo suna janye da wani siririn mutum, an yaga masa riga, leɓensa ya kumbura. Saifullahi mai bidiyo ne, wanda ke ɗaukar bukukuwa da sunayen Hausawan gari.

"Mutum ɗaya ya yi magana," in ji Insfekta.

Mutum bakwai suka fara a tare. Sai da ya buga tebur sau biyu kafin ya iya tsintar zancen.

Alhaji Bubayero, shugaban dillalan shanu, shi ne ya rasu kwana bakwai da suka wuce. Kwana huɗu kafin rasuwarsa ya sa aka kira Saifullahi da kyamararsa, ya kori kowa daga ɗaki, ya yi wasiyya. Saifullahi ya zuba ta a faifan DVD, aka sa a ambulan, aka ba Liman ya kulle a kabad ɗin masallaci, da sharaɗin ba za a kalla ba sai ranar sadakar bakwai, a gaban jama'a. Yau aka taru, aka sa faifan a injin gidan marigayin. Injin ya yi gurnaninsa ya gama, ya rubuta cewa babu komai a ciki. Aka hura faifan, aka goge shi da hannun riga, aka sake gwadawa har sau biyar. Daga nan aka bar injin aka koma kan Saifullahi.

"An ba shi cin hanci ya goge!" in ji Abubakar Sadiq, babban ɗan marigayin, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ko kuma tun farko bai ɗauki komai ba!"

Wani dattijo mai farin gemu ya matso a hankali. Alhaji Abdulfatah ne, ƙanen marigayin, wanda kowa ke kira Baffa.

"Yallaɓai, ni tun a can nake cewa a nemo wani injin a gwada, ba wanda ya saurare ni. Magana ce duka-duka ta minti tara, ga shi an mai da ita shari'a."

"Ka shiga ɗakin lokacin da ake ɗauka, Alhaji?"

"Ina! Ranar ina kasuwar shanu ta Ugwuoba, sai magariba na dawo."

Insfekta ya rubuta. Har zai rufe littafi, sai wata mata ta yi magana daga can baya, kusa da ƙofa. Hausarta na da ɗan karin harshen Ibo.

"Ranka ya daɗe, biko, don Allah, a nemo abin da ke cikin faifan nan. In ya ɓace, ni ba ni da uba."

Sunanta Amatullahi, tana sayar da abinci a Kasuwar Artisan. Shekara uku da suka wuce ta zo daga Onitsha da wani tsohon hoto, ta ce Alhaji Bubayero ne ya haife ta. Dangi suka ce ba su san zancen ba. Shi kuwa Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, kullum sai ya ce mata ta yi haƙuri, lokaci na zuwa. Ana gobe zai rasu ya aiko mata cewa ya faɗi komai a faifai.

"Ƙarya take yi," in ji wani daga cikin taron.

"Kowa ya tafi gida," in ji Insfekta. "Mai bidiyo da faifai su zauna."

Ɗumamen ya riga ya huce, ya ture kwanon gefe da haushi.

Ya zaunar da Saifullahi a ofis, ya ba shi ruwa ya wanke baki.

"Ka ji abin da marigayin ya faɗa?"

"Na ji, Yallaɓai. Ya ce 'yarsa ce. Amma ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Yau da na faɗa, sai aka ƙara min mari, wai ita ta saye ni."

"To ina kaset ɗin kyamara? Mu kunna shi a huta."

Saifullahi ya sunkuyar da kai. "Na ɗauki suna a kansa ranar Alhamis, a Awkunanaw."

"Ka ɗauki suna a kan wasiyya?"

"Kaset ya yi tsada, Yallaɓai."

Insfekta ya dube shi ya daɗe. A ransa ya ce marin da aka yi wa mutumin nan ba duka ne ya tafi a banza ba.

"Ka rubuta wani abu a jikin faifan?"

"Alƙalamin rubutu a kan faifai ya bushe. A ambulan na rubuta da biro."

"Madalla. Maganar ta kai minti nawa?"

"Ashirin da uku. Da karatun Fatiha da ayoyi ya fara."

Insfekta ya tura masa faifan a kan tebur. Tun safe ake dukan Saifullahi a kan faifan nan, amma sai yanzu aka bari ya riƙe shi. Ya kai shi kusa da ido, ya miƙe tsaye zumbur.

"Wallahi wannan ba nawa ba ne! Wannan fulos ne!"

"Wane ne kuma Fulos?"

"Ba mutum ba ne, Yallaɓai. Dubi nan, tsakanin DVD da R. Ka ga alamar tarawa? Nawa mainos ne, mai alamar ɗebewa. Kamfaninsu ɗaya, launinsu ɗaya, amma cikinsu daban."

"Faifai ba faifai ba ne?"

"A'a. Akwai mainos R, akwai fulos R. Akwai mainos RW da fulos RW, su ana gogewa a sake zubawa. Akwai kuma wani wai shi RAM..."

"Tsaya nan. Wa ya raba su haka?"

"Kamfanoni ne suka kasa shiri. Waɗannan suka yi nasu, waɗancan suka ce nasu ya fi."

"Su suna can suna gardama, ni kuma an hana ni cin abinci a Enugu," in ji Insfekta. "Tashi mu je shagonka."

Shagon wani ɗan lungu ne a bayan tasha, da ƙyar mutum biyu ke juyawa a ciki. Saifullahi ya nuna masa injin da yake zuba bidiyo da shi, wani tsohon baƙin akwati da aka ɗaure wayarsa da salatif. Ya aro sabon faifan fulos wurin maƙwabcinsa ya zura. Injin ya yi tunani kaɗan, ya tofo shi waje. Ya zura mainos, injin ya karɓa ba musu. Sau uku Insfekta ya sa aka maimaita, don bai yarda da inji ba, bai kuma yarda da mai injin ba.

"Kuma Yallaɓai, mainos R ba ya goguwa. Ko ni na so gogewa, ba hanya. Abin da ya shiga ya shiga."

Ke nan musanya faifan aka yi. Insfekta ya ce masa ya tafi kemis a duba leɓensa, kuma kada ya bar gari.

Bayan azahar ya sami Liman a zauren masallaci. Sai da aka gama gaisuwa tsaf, aka tambayi iyali da gajiya da haƙurin rashi, sannan ya kawo zancen kabad.

"Allah gafarta Malam, makullin yana wurin wa?"

"Yana wurina. Bai taɓa barin jikina ba."

"To a ba ni in gani."

Liman ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya yi gyaran murya. Sannan ya miƙe ya sa hannu bayan agogon bango, ya zaro makulli a jikin ƙusa.

"Wannan shi ne jikin naka, Malam?"

"Ai wurin ɓoyo ne."

"Wa ya san da shi?"

"Ladan ya sani. Masu shara sun sani. Dattawan sahun gaba ma sun sani, saboda a kabad ɗin ake ajiye turare."

"Wa ya rage a Enugu bai sani ba?"

Liman ya shiga jan carbi. Da Insfekta ya matsa, sai ya tuna cewa ranar Laraba ya ga Abubakar Sadiq tsaye a gaban kabad ɗin bayan kowa ya watse daga sallar la'asar. Bai tambaye shi komai ba, wai don kada ya ƙara wa maraya zafi.

Insfekta ya fito yana jin kansa na sara. Ya tari okada zuwa Ogbete, wurin Hajaratu mai shagon kwamfuta, wadda aka ce duk layin ba wanda ya kai ta sanin faifai. Haifaffiyar Enugu ce, tana ciniki da Ibo, tana faɗa da Turancin buroka, tana gaisawa da Hausa.

Ta karɓi faifan ta kifa shi, ta karkata shi wajen haske.

"Oga, this one no be empty o. Wa ya ce maka babu komai a ciki?"

"Mutum ashirin da inji ɗaya."

"To duk su ashirin da ɗayan ba su duba ba. Ka ga zoben nan da ya fi duhu, daga tsakiya? Nan ne aka zuba abu. A wane inji suka gwada?"

"Na gidan marigayin. An ce daga Makka ya zo da shi, shekara tara ko goma ke nan."

Hajaratu ta yi dariya har da tafa hannu. "Wannan tsohon? Ai lokacin da aka ƙera shi ba a haifi fulos ba. Tsofaffin injina da yawa mainos kawai suke ci. In ka ba su fulos sai su ce ba su ga komai ba. Shi ya sa ni ba na ajiye shi, mutanenmu duk tsofaffin injina gare su, kullum sai a dawo min da kaya ana zagina. 'Yan Onitsha ne ke zuba wa mutane a fulos, saboda katan ɗinsa ya fi araha a can."

Ta zura faifan a kwamfuta. Sai ga Alhaji Bubayero a jingine da filo, ya rame, yana karanta Fatiha da muryar da ta gaji. Ya yi ayoyi, ya yi godiya, ya yi wa 'ya'yansa nasiha a kan zumunci, ya ce a riƙe masallaci. Daga nan ya yi salati, hoton ya ɗauke. Ko sau ɗaya bai ambaci Amatullahi ba.

Insfekta ya ji ransa ya ɓaci, ya tuna matar nan tsaye a bakin ƙofa.

"Mai da shi baya," in ji shi. "Kusa da ƙarshe."

Ta mayar. A bangon bayan gadon akwai agogo. Yana faɗin zumunci agogon na kan huɗu da minti goma. Ya ɗaga hannu zai ci gaba, hoton ya ɗan yi tsalle, agogon ya koma huɗu da ashirin da huɗu, hannun kuma yana kan ƙirjinsa.

"Dem cut am," in ji Hajaratu. "An yanke tsakiya an haɗa. Aikin ma ba laifi. Da a mainos suka zuba, da injin gidan ya karanta lafiya lau, kowa ya kalla ya tashi, ba mai lura da agogo."

"Duka minti nawa ya rage?"

Ta duba ƙasan allon. "Tara. Tara da 'yan daƙiƙu."

Insfekta ya zaro littafinsa, ya buɗe shafin safe, ya daɗe yana kallonsa. Ya roƙe ta ta ara masa sabon inji mai cin kowane iri zuwa gobe, ya kuma gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa abin da ta gani.

Duk da haka bai tsallake Abubakar Sadiq ba. Litinin da safe ya same shi a kara, wato kasuwar shanu, cikin warin shanu da taɓo, yana duba wasu bijimai da aka sauke daga tirela.

"Ka taɓa zuwa wurin kabad ɗin masallaci?"

"Ban taɓa ba."

"Liman ya gan ka ranar Laraba."

Abubakar Sadiq ya cire hula ya share goshi. "Na je. Na ɗauko makullin ma. So nake in san abin da Baba ya faɗa a kan matar nan kafin a faɗa a gaban mutane. Amma da na riƙe ambulan sai na ji tsoro, na mayar."

"Kana da kwamfuta ta hannu, ko?"

"Ina da ita."

"Faifan da kuka sa jiya ba na Saifullahi ba ne. Wani ya musanya shi da fulos."

"Fulos?" Ya saki baki. "A injin Baba? Yallaɓai, da ni ne zan yi wannan aikin ai ba zan yi wautar nan ba. Shekara nawa ina fama da injin nan! Duk fim ɗin da na kwafo a fulos ba ya karantawa. Na ce Baba ya canza shi, ya ce shi abin da ya zo da shi daga Makka ba ya canzawa. Duk yaran gidanmu sun san wannan."

"Baffanka fa, ya sani?"

"Baffa? Baffa ko rimot bai iya riƙewa daidai ba."

"Ya yi tafiya a makon nan?"

"Ranar Juma'a ya je Onitsha, wai zai yi wa wani abokin cinikinsa ta'aziyya. Ya dawo a ranar."

"To ka tara min duk wanda ya zo jiya, bayan la'asar, a gidanku. Har da Amatullahi."

"Har da ita?"

"Da Hausa na faɗa."

Bayan la'asar tsakar gidan ya cika. Aka fito da talabijin aka ɗora a kan tebur, aka tayar da janareta saboda Nepa sun yi halinsu. Insfekta ya haɗa injin Hajaratu da kansa, yana tsaki, don wayoyin uku ne kuma sai da ya gwada kowacce a ramin da ba nata ba. Kofur ɗinsa na tsaye a bakin ƙofa.

"Jiya Baffa ya ba da shawara a nemo wani inji," in ji shi. "Ga shi na nemo."

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa, ya gyara zama a kan kujera. "Da an bi tawa tun jiya da ba a kai ga haka ba."

Faifan ya tashi. Mata suka fara kuka da ganin fuskar marigayin. Aka saurara har ƙarshe, hoton ya ɗauke. Amatullahi ta yi tsaye kamar an dasa ta, tana kallon allon da ya yi shuɗi.

"To kun ji," in ji Baffa a hankali. "Allah ya jiƙan Yaya. Baiwar Allah, ki yi haƙuri, kin ji da kunnenki."

"Alhaji," in ji Insfekta, "jiya a ofishina ka ce maganar minti nawa ce?"

"Na ce... ban tuna ba."

"Ni na rubuta. Ka ce minti tara. Wannan da muka kalla yanzu minti tara ne cif. Wa ya faɗa maka?"

"Ƙiyasi na yi."

"Daga Ugwuoba ka yi ƙiyasin? Ka ce ranar ba ka gari. Saifullahi, minti nawa ka ɗauka?"

"Ashirin da uku, Yallaɓai."

Insfekta ya mai da hoton baya, ya nuna musu agogon bango da tsallen da ya yi. Tsakar gidan ya ɗauki guna-guni.

"An sace faifan gaskiya daga masallaci, an kai shi wani wuri an yanke minti goma sha huɗu, an zuba sauran a wani faifai mai kama da shi. Wanda ya yi bai san faifai iri-iri ne ba, ni ma jiya na sani, kuma ban ji daɗin sanin ba. Ya kalli aikin a sabon injin masu shago, ya ga yana yi, ya taho da murna. Shi ya sa jiya kowa na cewa an goge, mutum ɗaya ne kawai ya tabbata akwai abu a ciki, har ya san tsawonsa. Alhaji, wa ya rasu a Onitsha ranar Juma'a? Ba ni sunansa, in aika a yi musu gaisuwa."

Baffa ya dubi Liman, Liman ya dubi carbinsa.

"Shagunan da ke yanka bidiyo a Onitsha ba su fi a zaga su a yini ɗaya ba," in ji Insfekta. "Dattijo mai farin gemu da ya kawo wasiyyar mamaci a yanke, ba za su manta da shi ba. Kada ka sa ni hawa motar Onitsha, Alhaji. In na hau, ba zan dawo da fara'a ba."

"Baffa," in ji Abubakar Sadiq, "ka ce ƙarya ne mana."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, sai da mutane suka matso kafin su ji.

"Ni na ɗauka. Ranar Alhamis, bayan azahar."



"Yaya ya auri uwarta a Onitsha, shekara talatin da uku ke nan. Ina cikin shaidu. Ban so auren ba, amma na shaida. Tana da ciki ya yi hatsarin mota, aka kai shi gida Arewa wurin masu ɗori, ya shekara biyu a kwance. Matar ta rasu bayan haihuwa. Ya aiko ni in ɗauko jaririyar. Na je na gan ta a hannun kakarta, na juyo, na ce masa uwa da 'ya duk sun rasu." Ya share ido da bakin rawani. "Da ta zo da hoton nan, ya gane. Ya kira ni ɗaki ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya, na roƙe shi ya rufa min asiri. Ya rufa har shekara uku. Na san a faifan nan zai buɗe. Mutanen nan suna shirin ba ni shugabancin kara, da wane ido zan kalle su?"

"Ina faifan gaskiya?" in ji Insfekta. Wannan ce tambayar da ta hana shi sukuni tun jiya.

"Na ce yaran shagon su goge shi, suka ce irinsa ba ya goguwa, sai dai in karya. Na tsaya a kan gada zan jefa a kogi." Ya girgiza kai. "Akwai Fatiha a ciki, akwai ayoyi. Yaya za a yi in karya ayar Allah, ko in jefa ta inda ake zuba shara? Yana cikin gafakar Alƙur'anina, a ɗaki."

Insfekta ya sauke numfashi. Ya tura kofur da Liman suka ɗauko. Saifullahi ya duba alamar, ya ɗaga kai ya ce nasa ne.

"Yallaɓai, don Allah a tafi da ni kafin a kunna," in ji Baffa.

"A'a, Alhaji. Ka sa an fasa wa wani baki, ka sa na zaga Enugu a kan okada ina koyon fulos da mainos da tsufana. Zama za ka yi."

Abubakar Sadiq ya cire wayoyin sabon injin, ya mai da na mahaifinsa. Tsohon injin ya karɓi faifan ba gardama. Aka sake jin Fatiha, aka sake jin nasihar zumunci. Agogo ya kai huɗu da minti goma, Alhaji Bubayero ya ɗaga hannu, wannan karon hannun bai ɓace ba.

"Ku saurara da kyau," in ji marigayin. "Amatullahi 'yata ce ta halak. Na auri uwarta Fatsuma da sadaki da shaidu, ni na zaɓa mata sunan nan tun tana ciki. Ita ce babbar 'yata."

Ya faɗi abin da ƙanensa ya yi, bai ƙara ba, bai rage ba, ya ce shi ya yafe masa nasa kason. Sannan ya dubi kyamara sosai, yana haki.

"Amma shirun shekara uku nawa ne, ba na Abdulfatah ba. Kina kawo min abinci kara, ina karɓa kamar na saya, ina jin kunyar mutane. Amatullahi, ki yafe min."

"Na yafe, Baba," in ji ta da ƙarfi, kamar yana jin ta. Sai a lokacin ta durƙushe a wurin tana kuka.

Insfekta ya yi wa kofur alama. Kofur ya zaro ankwa, Insfekta ya girgiza kai, ya ce a bar dattijo ya taka da ƙafarsa. Baffa ya miƙe da ƙyar. Da ya zo daidai inda take, ya tsaya kamar zai yi magana, sai kofur ya taɓa masa kafaɗa suka wuce. Mutanen da suka saba miƙewa in zai fita, yau ba wanda ya tashi.

Abubakar Sadiq ne ya ratsa taron ya je ya tsuguna a gabanta. 

"Yaya," in ji shi, "tashi ki shiga ciki. Masu gaisuwa na zuwa, ke ya kamata su tarar."